Wai Ɗa Ɗaya Inna Ta Haifa

Juma'a, bayan Isha'i, watan Rajab

Yau ni aka yi wa tsiya, ni da kullum nake yi wa mutane.

Muna fitowa daga masallacin Huaisheng, a nan ƙasar wajen da muke fatauci, Yaya Sani ya ja ni gefe. Tun da ya samu takardar zama ta dindindin yake son ɗauko Inna daga Maraɗi. Ya ce komai ya haɗu, takardar haihuwarsa, ta asibiti, ta gidan haya. Saura guda: wai sai an nuna tsohuwa ba ta da wani ɗa a wajen ƙasar nan da zai riƙe ta. Ni kuwa bizata ta 'yan kasuwa ce, ko yaushe gida zan koma. Shi ne ya sa aka rubuta shi kaɗai ta haifa.

Na tuntsire da dariya. Na ce, "Yaya, ka rama gishirin da na zuba maka a shayi!" Ko murmushi bai yi ba. Ya ce gaban jami'ai ni yaron shagonsa ne na kasuwar Canaan.

Ni da na yi jinyar Baba tare da ita, shi yana nan yana loda kwantena.

Na kira Inna in kai ƙara. Na ce, "Tsohuwa, ashe tsinto ni kika yi?" Na jira ta ce min ja'iri kamar kullum. Can ta ce, "Auta, takarda ce kawai." Ashe tuni ta dangwala yatsa.

Ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce yaron shago ya ci. Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.