Kwamfutar da Ta Ƙi Jin Maganata

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai ɓacin ran da ka jawo mini. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Sabon keken surfani ya iso shago. Mutumin kamfanin ya zo sa manhajar da za ta riƙa tura zane daga kwamfuta zuwa keken. Yana dannawa sai wani akwati ya fito, wai sai da izinin admin, wato mai ikon kwamfutar. Ya danna linzamin kwamfutar ta dama, ya zaɓi a buɗe da ikon admin ɗin, ta ce a kawo kalmar sirri. Na ba shi tawa, ta ƙi. Da ya bincika sai ya ce mini, cikin ladabi, ai mutum biyu ne a kwamfutar: kai ne mai iko, ni kuwa an ba ni ɗan wurin da ake ba yara don kada su yi ɓarna.

A gaban telolina ya faɗa, Auta. Babu wanda ya ɗago kai daga kekensa, amma na ga kafaɗu suna rawa don dariya.

Na karɓi aikin sa tambari a rigunan wata makaranta, kuma hutu ya kusa ƙarewa. Ka aiko mini da kalmar nan yau.

Mahaifiyarka.

*

Auta,

Ina gaishe ka, ya jikin naka da murar da Yayarka ta ce kana yi? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso ta bakinta, tunda ni ba ka iya fuskantata. Wai ka kulle ne don kada in danna abin da zai lalata kwamfutar, kuma wai kalmar ta ɓace maka. Ni da na buɗe shagon nan tun kana goye a bayana, na koyi kowane keke da hannuna, yau ni ce za a ɓoye wa makulli? Da ka gaya mini tun ranar da ka haɗa ta, da na yi faɗana na huce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka yanke hukunci a kaina, ka kama bakinka, ka tafi.

Mun gwada duk kalmomin da ka lissafo, babu wadda ta buɗe. Shugabar makarantar ta zo da kanta, ta tarar da keken a lulluɓe da leda, riguna jibge a kan tebur. Washegari ta aiko mota aka kwashe su. Shekaru ina yi musu ɗinki.

Mai gyaran kwamfuta na bakin titi ya ce mafita ita ce a goge komai a sake zuba mata sabon tsari. Gobe zan kai masa.

Mahaifiyarka.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ka warke, alhamdu lillahi.

Na kai kwamfutar. Ya kwashe zanukana a filashi, har ya kai hannu zai goge, sai ya tambaya ko akwai abin da nake so a ɓangarenka, don shi ma zai tafi. Nan na tuna hotunan marigayi Babanku da ka ɗauka a asibiti, da muryarsa da ka naɗa yana yi muku nasiha. Ka ce ka ajiye mini su a kwamfuta. Ashe a ɗakin da ba ni da ikon shiga ka ajiye su. Duk lokacin nan ina zaton ni ce ban iya nema ba, ina jin kunyar tambaya.

Na hana shi gogewa. Ya cire ma'ajiyar bayanan kwamfutar, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ya sa sabuwa. Manhajar ta hau, keken yana aiki, sai dai aikin makaranta ya riga ya tafi.

Tsohuwar ma'ajiyar ce a ƙunshin da direba zai ba ka. Mai gyaran ya ce zai iya ciro abin da ke ciki, na ce a'a, wanda ya kulle shi zai buɗe. Kada ka turo mini hotunan da muryar ta waya, kada ka aiko Yayarka. Ka zo da ƙafarka, ka zauna kusa da ni, ka kunna mini muryar mijina.

Allah ya yi maka albarka, ko da yake har yanzu ban huce ba.

Mahaifiyarka.