Da Sunana Ya Fita, Amma Ba Ni Na Rubuta Ba

Assalamu alaikum jama'a. Admin a ɓoye sunana, dama sunan ne ya jawo mini abin da nake ciki. Don Allah ku ba ni shawara.

A da akwatin gidan waya ɗaya muke da shi a unguwar Treichville, ni da aminina, bari in kira shi Alhaji Bala, kuma maganar wani ba ta taɓa zama ta wani ba, domin ma'aikaci ya san fuska, jama'a sun san rubutun hannu. Na zauna Kumasi, na zauna Duwala da Jidda, ko'ina haka na tarar. Yanzu siba muke zuwa, wato shagon intanet, a unguwar Roxy, mu kama na'ura ɗaya, in na gama ya zauna.

Ran nan na duba dandalin 'yan garinmu, na rufe shafin na tashi alwala, ni a sanina wanda ya ja ƙofa ai ya rufe. Alhaji ya zauna ya buɗe dandalin, ya tarar wani mutumin Kano yana tambayar halin yaron da ke neman 'yarsa. Ya amsa masa cewa yaron bai riƙe sana'a ba, kuma ya fi sanin hanyar mashaya a kan ta masallaci. Yaron nan ɗan ƙanwata Hajiya ne, amsar kuwa da sunana ta fita. Aka fasa auren.

'Yata da ke aikin kwamfuta ce ta fahimtar da ni. Ta ce Baba ka tuna tikitin kaya a tasha? In ka shiga da kalmar sirrinka, babbar na'urar da ke can, wadda suke kira serveur, takan ware maka ma'ajiya taka kai kaɗai, ta ba na'urar gabanka lamba, shi ya sa mutane da yawa ke shiga lokaci guda ba a cakuɗa su. Amma ba ta ganin fuska, duk mai riƙe da lambar kai ne a wurinta, sai ka danna déconnexion, wato fita, take soke ta. Yare biyar nake ji, kalma ɗaya ta kayar da ni.

Hajiya ta hawo tasin woro-woro daga unguwarsu Williamsville ta same ni, ta ce Yaya da bakinka ka tona ɗanka a gaban duniya, ko kirana ba ka yi ba? Na bar ta ta gama faɗanta, ban musa ba. Da ta fita Alhaji ya shigo, ya ce shi wallahi ya ɗauka shafinsa ne, in rufa masa asiri don Allah, saboda a gidan Hajiya yake zaune da iyalinsa, in ta ji sai titi, ga ciwon ƙafa. Na ce to ni fa? Ya ce ai kai jini ne, za ta huce.

Ba ta huce ba. Salla ta wuce ba ta aiko abinci ba, gaisuwata ma ba ta amsawa. Abin da ya fi gajiyar da ni, abin da Alhaji ya rubuta gaskiya ne, na sani tuntuni, ban dai iya faɗa ba.

In gaya mata a kori tsoho da iyalinsa, ko in ci gaba da ɗaukar maganar in rasa ƙanwata? Ku faɗa mini. Har yau muna zuwa siba tare da shi, amma kowa da na'urarsa, kuma ba na tashi sai na danna kalmar nan yana kallo.