Sunana a jikin kofi

Daren Talata, a Kano

Yau da muka fito daga wurin likita, Yaya Sani ya tura ni wani shagon shayi mai gilashi, wai har Abuja akwai irinshi. Yaron nan nawa sai rawar ɗari yake, ni dai abu mai zafi nake nema mashi.

Yarinyar shagon ta ce, "Hajiya, sunanki?"

Mu a Daudawa, baƙon da ya tambayi sunanka ba alheri ya kawo shi ba. Na dubi yaron, na ce Hinde, can ƙasa-ƙasa.

Ashe a jikin kofin za ta rubuta! Ya sha, ya samu barci. Ikon Allah, ban taɓa ganin sunana a rubuce ba. Wai ɗan wannan rubutun ne ni.