Ruwan Jego a Ƙafar Kare

Assalamu alaikum masu wannan fili da masu karantawa. Don Allah ku ɓoye sunana, kuma kar ku zage ni, na gaji da zagin kaina. Aji uku kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, ku yi haƙuri da rubutun.

A Sabon Gari muke, nan Maraɗi, ina da goyon wata biyar. Maigidana yana da lambu a Jiratawa, da wani tsohon kare, Barsu, mai gadin albasa. Bana sanyin ƙashi ya kama shi, in ya kwanta sai ya yi ta kokawa kafin ya miƙe, yana jan ƙafar baya. Maigida ya ɗauko shi a amalanke ya ajiye a zaure. Likitan dabbobi ya ce ciwon ba ya warkewa amma yana sauƙi: a riƙa gasa ƙafar safe da yamma, a murza, a lanƙwasa a miƙe, a zagaya da shi a hankali kan rairayi. Maigida tun asuba yake fita, sai ya ce, "Ke za ki gasa mishi. Ki sa leda a hannu."

To ni gashi ɗaya na sani, na jego, wanda Inna matar maƙwabcinmu Malam Idi ta yi mini kwana arba'in, ruwa na tafasa, tana fyaɗa mini da ganyen bedi, wato dogon yaro, tana cewa, "Daure 'yar nan, zafin ne maganin." Shi na yi wa Barsu. Kukan da ya yi har yau yana kunnena. Fatar cinyar ta saɓule. Ina zan san tsumma da ruwan ɗumi ake nufi? Wa ya gaya mini?

Da maigida ya dawo ya gani, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Tsoro ya sa na ce ban sani ba, ina ɗaki ina ba yarinya nono. Sai ya ce, "Idi ne." Tun da siyasa ta shigo ba sa gaisawa, kowa da jam'iyyarsa, har hoton ɗan takara sun yage wa juna a bango. Kuma Malam Idi ya taɓa cewa karen nan na korar mala'iku daga unguwa.

Yau sati uku. Kullum ina wanke ƙunar, ina murza gaɓoɓin yadda aka ce, ina zagayawa da shi tsakar gida da yarinya a baya. Ya fara taka ƙafar kaɗan. In ya gan ni har jela yake kaɗawa, wannan ya fi komai ci mini rai.

Maigida ya gaya wa duk majalisa, ya kuma kai ƙara wurin mai unguwa. Ran Juma'a za a zauna, ni ce shaida, ya ce har Alƙur'ani za a ɗauko. Jiya Inna ta tare ni a famfo ta ce, "'Yar nan, Malam ko kaza ba ya iya yankawa. Kina gida ranar, ba ki ga kowa ba?" Na sunkuyar da kai har tuluna ya cika ya zube.

In na faɗa, na kunyata mijina gaban mutumin da ya fi tsana, ban san ko zai bar ni in kwana gidan ba. In na yi shiru, da wane hannu zan dafa Alƙur'ani, matar da ta wanke ni tana kallo? Saura kwana uku. Jama'a, me zan yi?