Muzurun Maƙwabciya da Lemun Marigayi

Lalla Batul, ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ni mutuniyar Asfi ce, garin masunta a bakin teku, mijina ya rasu bara. Abin da ya bar mini da nake kallo in ji sanyi shi ne lemun tsamin da ya dasa cikin rabin ganga a saman soronmu. 'Yar gajeriyar katanga ce ta raba sorona da na maƙwabciyata Lalla Zuhur. Tare muka tsufa da matar nan. Duk Juma'a kwanon kuskus ɗina sai ya je gidanta, kuma bai taɓa dawowa wayam ba.

To tana da wani ƙaton muzuru, Bahri, mai kallon raini. Tun bayan rasuwar ya sa lemun nan a gaba. In na hau da safe sai in tarar ya tone gindin, saiwoyi a waje, ƙasa ta watse har kan shanyata. Yanzu ganyen ya yi rawaya yana zuba, in na gani sai hawaye, kamar maigidan ne zai sake tafiya. Kuma wallahi ban gaza wa itacen nan ba. Tun da mai shi ya tafi na ƙara masa gata, duk ranar da na gyara kifin sadin sai in binne kawunan da kayan cikin a gindinsa, yadda kakata take yi a gonarta.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Zuhur ma tana da tukwanen furanni jere, ko ɗaya bai taɓa ba. Sai nawa? Ruwa ba ya tsami banza. Na tuna ta taɓa cewa lemun yana tare wa shanyarta rana. Da na yi mata maganar muzurun, dariya ta yi ta ce, "Haba 'yar'uwa, in ɗaure shi ne kamar akuya? Ai shi bai san iyaka ba." Dariyar nan ba ta kwanta mini ba. Na ma taɓa hango ta a bakin katangar tana shafa shi tana masa raɗa.

Na daina aika kuskus, ita ma gaisuwarta ta koma ta fatar baki. Wata a gidan wanka ta ce in sa wa muzurun maganin ɓera a kifi. Na saya, yana nan a ɓoye, hannuna ne ya kasa. Zuhur turo shi take yi ko kuwa?

Mai Lemun Saman Soro

*

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki. Kafin komai, ki zubar da maganin nan yau, inda yaro ko dabba ba za su kai ba. Ran muzuru ba naki ba ne, kuma in ya mutu, shi da zumuncinku za a binne tare.

Kin yi gaskiya a wuri ɗaya. Bai kamata Lalla Zuhur ta yi dariya ba, mai makoki ba ta ganin lemun nan a matsayin itace kawai. Amma ki sake karanta wasiƙarki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A garin kifi kika binne wa muzuru kawunan sadin, sannan kina tambayar wa ya aiko shi? Ke kika gayyace shi, furannin Zuhur kuwa ba su da abin da zai ci. Kakarki a gona take binnewa, ƙasa mai zurfi. A rabin ganga kifin ruɓewa yake yi kusa da saiwa, ina kyautata zaton shi ma yana da hannu a rawayar ganyen.

Ki daina binnewa, ki kwashe ƙasar sama ki zuba sabuwa, ki jera faffaɗan duwatsu a gindin. Ki roƙi maƙwabciyarki ta riƙa tsare muzurun a ɗaki har warin ya gushe, ki kuma gaya mata a fili dariyarta ta yi miki ciwo.

Ranar Juma'a ki aika mata kuskus ɗinta, kawunan kifin kuma ki ƙulle su daban ki ce na Bahri ne. Kin riga kin rasa wanda ya dasa lemun, kada ki rasa wadda ta san shi. Allah ya raya itacen, ya sanyaya zuciyarki.

Lalla Batul