Turken Tsohon Ofishin Haraji

Dukawuya, Kano
Oktoba, 1979

Zuwa ga aminina Shehu, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hassana da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai tsufa. Malam Ilu mai rubuta wasiƙa ne riƙe da alƙalami, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana, don ya saba zuba zuma inda na zuba barkono.

Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, har an soke haraji. Maganar da aka dake mu a kanta ke nan, Shehu, yau a rediyo ake faɗarta ba mai ko waiwaye.

To ga labari. Tsohon ofishin harajin nan na bakin hanyarmu, inda 'yan doka suka ɗaure mu a turken giginya don mun je taron siyasa, ana shawarar rushe shi a yi rumfunan kasuwa. Unguwa ta rabu biyu. Malaman makaranta da wani ɗan gidan tarihi sun ce a bar shi, wai ginin kakanni ne, wai zanen ƙofarsa abin kallo ne. Ni dai da aka shigar da ni ta ƙofar nan ban ga zane ba, ƙasa nake kallo. Na gaya wa mai unguwa in an rasa mai riƙe diga, zan ajiye fata da basilla in riƙe.

Kai ka gudu ka bar garin, ni na zauna ina wuce ginin nan kullum. Bari in ga faɗuwarsa in huta.

Uwargida Talatu tana gaida Hassana. Naka,
Ɗantani Baduku

Dukawuya, Kano
Nuwamba, 1979

Aminina Shehu,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lau, zuciyata ce ba lau ba.

An yi taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan La'asar. Ka san wa aka ba kwangilar rushewa? Jibrin. Jibrin ɗan doka, mai bulalar nan da yake jiƙawa kafin ya fara. Yanzu Alhaji Jibrin ne, ga tumbi, ga bajon jam'iyyarmu a ƙirji ya fi nawa girma.

Ka san al'adar garin nan, wanda ya rushe gini shi ke kwashe azara da ƙasar bango, magina kuma sun ce babu ƙasar tubali kamar ta tsohon gini. Ashe har ya shata soro a Goron Dutse yana jira. Wato bangon da muka jingina da shi baya na jini, shi zai zama inuwar Jibrin.

Wannan ma da sauƙi. Ɗan gidan tarihin ya tambayi me ake yi a ginin da, sai Jibrin ya miƙe ya ce ba komai sai yankan rasit, ba a taɓa dukan kowa a ciki ba, ƙagen 'yan siyasa ne. Na ga samari suna gyaɗa kai. Ba su sani ba, ba a haife su ba. Sai na tashi na tuɓe riga, na juya wa jama'a baya su ga tabon bulala. Jibrin ya leƙa ya ce Allah sarki, agana ta yi wa mutanen da ɓarna. Aka kwashe da dariya.

Bulalarsa ban yi kuka ba, kai shaida ne. Dariyar nan kuwa har yau tana kunnena. Talatu ta ƙi yi mini magana, wai mai jikoki ya tuɓe a bainar jama'a.

Na janye maganata ta farko. In ginin nan ya faɗi, ba sauran shaida sai bayana, shi kuma ƙasa na jiransa. A bar turken a tsaye.

Ka aiko da shaidarka a karanta wa mai unguwa. Naka,
Ɗantani

Tsohon ofishin haraji, Dukawuya
Disamba, 1979

Shehu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Takardarka ta iso, Malam Ilu ya karanta mini. Shaida na roƙa, ka aiko da wa'azi. Ka ce in yafe, duniya ba wurin zama ba ce. Na ji. Amma ai sai mutum ya ce ya yi sannan a yafe masa. Wanda ya ce agana ce, me zan yafe masa, aganar?

Ka duba saman takardar nan ka ga inda nake. Na kwaso tabarmata da fatu da butata, na buɗe aiki a tsakar ofishin, na jingina da turken. Kango ne, ba ƙyaure ba mai gadi. Duk wanda ya kawo ɗinkin takalmi sai na sa ya shafa gurbin da igiya ta ci a jikin giginyar kafin in karɓi aikinsa. Wasu sun daina zuwa. Wasu sun dawo da 'ya'yansu.

Kowa haushina yake ji. 'Yan kasuwa sun ce na tsare musu arziki. 'Yan tarihin da nake zaton muna tare sun ce warin fata zai ɓata musu gini. Mai unguwa ya aiko sau ba adadi. Talatu ce kaɗai ta sauko, ita ke aiko mini da tuwo, ko da yake har yanzu ba ta cewa komai.

Jibrin ya ce ranar Asabar katafila za ta zo. Jiya ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, na amsa, na ce ya shigo. Ya kasa.

Kada ka ƙara rubuto mini haƙuri. Da igiya suka shigo da ni gidan nan, Shehu. Ranar Asabar in suna son in fita, su zo da igiya, da rana tsaka, unguwa na kallo.

Ka gaida Hassana. Naka har kullum,
Ɗantani Baduku