Faifan Bikinmu Ya Fi Na'urar Maigida

Unguwar Arkilla, daren Asabar

Yau na ji daɗi. Maigida ya sayo 'yar na'urar kallo ta intanet, yana ta cika baki wai hotonta ya fi na faifai. Gaskiya hoton tas yake, har gumin 'yan wasa ake gani. Ana tsakiyar kallo sai sabis ya ɗauke.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce, "Mi kake jira? Ɗauko muna faifan bikinku."

Hoton dishi-dishi ne, amma da marigayi mijinta ya fito yana raba goro, ta matsa gaban talabijin tana dariya da hawaye. "Alhaji, ashe kana nan!"

Sau uku muka maimaita wurin. Ko da sabis ya dawo, babu wanda ya kula.